Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara

Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara tana da hedikwata a Gusau. An kafa ta ne bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a 1999. Tana karɓar zakka da waƙafi, ta raba wa mabuƙata, ciki har da marayu.

A yankunan noma irin su Magami, Tsafe da Bungudu, zakkar hatsi ce kan gaba: ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga noman ban-ruwa. Manomi kuwa bai cika sakin buhunsa ba sai ya san hannun da zai shiga, shi ya sa rabo a bainar jama'a ya fi kowane wa'azi jawo masu bayarwa. Sai dai matsalar 'yan bindiga ta rage noma a waɗannan yankuna.