Ranar da aka kashe fitilu a kotun Nurembag

A ranar 20 ga Nuwamba 1945 aka buɗe shari'ar manyan jagororin Nazi a birnin Nurembag na ƙasar Jamus. Kafin nan sai da Amurkawa suka sake fasalin zauren: suka mayar da teburin alƙalai gefe guda, suka kafa farin allon silima a bangon gaba, wato inda bisa al'ada alƙali ke zama.

Babban mai gabatar da ƙara na Amurka, Robert Jackson, ya fi dogara ga takardun da ƴan Nazi suka rubuta da hannunsu. To amma karatun takarda yana gajiyar da kunne. Kwana da kwanaki ana karantawa, tafintoci suna juyawa cikin harsuna 4 ta na'urar IBM, waɗanda ake tuhuma har raha suke yi. Sai ranar 29 ga wata aka kashe fitilu, aka haska fim na minti 52, wanda sojojin ƙawance suka ɗauka sa'ad da suka shiga sansanoni irin su Dachau, Buchenwald da Bergen-Belsen. An bar ƴan fitilu a wurin zaman waɗanda ake tuhuma domin a ga fuskokinsu. Walther Funk ya zubar da hawaye. Hjalmar Schacht ya kau da kai, ya ƙi kallo. Da aka gama, alƙalai suka tashi ba su ce uffan ba.

A ganina, a nan gizo ke saƙa. Shaida mai rai, lauya na iya titsiye shi da tambayoyi har ya gano inda ya yi ƙari. Fim kuwa wa zai tambaya? Masu ƙara sun san da haka, shi ya sa aka buɗe shi da takardun rantsuwa, har da ta George Stevens da ya jagoranci aikin, cewa ba a yi wa hotunan kwaskwarima ba. Haka ne, sai dai kyamara ba ta ganin komai sai inda aka kai ta. Auschwitz da Treblinka, inda aka fi hallaka Yahudawa, suna can gabas, inda sojojin Amurka da Ingila ba su taka ba, kuma da ƙyar mai sharhin fim ɗin ya ambaci Yahudawa. Mai kallo ya ga tarin gawarwaki, bai san su wane ne ba, balle wanda ya ba da umarnin kashe su.

Wannan tambaya ta ƙarshe takardu ne suka amsa ta. A hukuncin 1 ga Oktoba 1946 an yanke wa mutum 12 kisa. Funk mai hawaye ya samu ɗaurin rai da rai, Schacht da ya ƙi kallo kuwa aka sallame shi.