Wankan Jego a Ƙasar Hausa: Tarihinsa Tsakanin Ungozoma da Ma'aikatan Jinya

Ilimin da matan Hausawa suka gada game da tsabtar jikinsu ya samo asali daga tushe uku, wato karatun addini, da al'adar ungozoma, da kuma asibitin zamani, kuma kowane tushe yana da nasa ra'ayi game da abin da ke cutar da mace. Malamin fiƙihu yana duba tsarki ne, wato yanayin da ibada ke inganta da shi, ungozoma kuwa tana tsoron sanyi, yayin da ma'aikaciyar jinya take fargabar ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Babu inda waɗannan ra'ayoyi suka yi karo da juna kamar a wankan jego, wanda shi ne wankan ruwan zafi da mace ke yi safe da yamma har kwana arba'in bayan ta haihu.

Ta fuskar addini, littattafan Malikiyya da ake karantawa a makarantun zaure, irin su Ahalari da Risala, sun tsara hukuncin haila da jinin biƙi, wato jinin da ke biyo bayan haihuwa. Sun nuna cewa mafi tsawon haila kwana 15 ne, mafi tsawon biƙi kuwa kwana 60, kuma da zarar jini ya ɗauke sai mace ta yi wankan tsarki ta koma ga salla, ko da a ranar da ta haihu ne. Wannan ilimi ya yaɗu cikin matan karkara a ƙarni na 19 ta hannun 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi da Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa, inda jagororinsu da ake kira jaji suke kai karatu ƙauye-ƙauye. Fiƙihu bai shar'anta zafin ruwa ba, bai kuma wajabta kwana arba'in na wanka ba, don haka wankan jego al'ada ce da ta zauna kusa da hukuncin addini har wasu mata suka ɗauka abu guda ne.

Tushen al'adar shi ne imanin cewa haihuwa tana barin jikin mace ɗanye kuma a buɗe, ta yadda sanyi zai iya shigarsa ya haifar da kumburi da ciwon gaɓoɓi da rashin ruwan nono, saboda haka dole a gasa jikin har ya nuna. Tun ciki yana tsufa miji yake tara itacen wanka, bayan haihuwa kuma ungozoma ko wata dattijuwa daga dangi takan tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma damin ganyen tsamiya ko runhu tana fyaɗa wa mai jego a jiki, sannan a sa ta zama cikin ruwan ɗumi domin raunin haihuwa ya warke. A ƙasar Zazzau akan ƙara da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, a kuma shayar da ita kunun kanwa, a ciyar da ita gasasshen nama da yaji. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta wankan gida, kuma nata wankan yakan zarce arba'in. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana wannan wanka a matsayin abin da kowace mai haihuwa ta san da shi. Duk da haka al'adar ba ta tsaya cik ba, domin ganyen darbejiya da ya zama ruwan dare a wankan yau na bishiya ne 'yar asalin Indiya da aka shigo da ita a zamanin mulkin Turawa.

Aikin jinya na zamani a Najeriya ya samu tsari da hukumar ungozomomi da dokar 1930 ta kafa da kuma majalisar ma'aikatan jinya ta 1947, waɗanda aka haɗe su wuri guda a 1979. A Arewa, ƙarancin 'yan matan da suka yi boko ya sa yawancin nas-nas na farko baƙi ne ga al'adar, ga kuma kunyar haihuwar fari da zaman kulle da suka nisanta mata da asibiti, sai ya zamana ba a kai mace can sai naƙuda ta gagara. Abin da ma'aikatan suka fi gani shi ne ɓarnar al'adar, kamar ƙunar ruwan zafi, da zazzaɓin bayan haihuwa, da illar yankan gishiri, wato tsagar da ake yi wa mace a gabanta da aska don sauƙaƙa naƙuda, wadda kan jawo yoyon fitsari.

Babban ƙalubale ga wankan jego ya fito daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda likitoci Davidson da Parry suka wallafa bincike a 1978 kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego. Sun danganta matsalar da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da kuma zafin wanka da na gado, wanda ke ƙara wa zuciya aiki. Abin takaicin shi ne kumburin da cutar ke haifarwa shi ne ainihin alamar da tsofaffi ke fassarawa da shigar sanyi, sai su ƙara wuta da kanwa. Wannan bayani ya shiga darussan makarantun jinya ya daɗe a cikinsu, amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya fi alaƙanta cutar da rama, da rashin ilimi, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Haka nan asibiti ya sauya wasu ɗabi'unsa, domin aske gashin mara da wankin hanji da ake yi wa kowace mai naƙuda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya su a 1996 cikin abubuwan da ya kamata a daina.

Wankan jego ya ɗore ne saboda amfanin da ke tattare da shi ya wuce na ruwan zafi, tunda yana ba mai jego hutu daga daka da girki, yana tabbatar mata da abinci mai gina jiki, yana kuma sanya ta ƙarƙashin kulawar wata babba kullum har kwana arba'in. Shi ya sa nas-nas 'yan ƙasa, waɗanda su ma iyayensu suka yi musu wankan, suka fi samun karɓuwa da shawarar a sirka ruwan, a rage kanwa, a riƙa canza ƙunzugu ko audugar mata a kan kari, a yafe wa wadda aka yi wa tiyata ko mai hawan jini, kuma a garzaya asibiti idan an ga kumburi da haki. A birane a yau mata da yawa sun taƙaita kwanakin wankan sun kuma rage zafinsa, tsadar itace da gawayi ma ta taimaka wajen hakan.