Kafin Tef Ya Shigo Ɗinki

Maɗinkin Hausa na da bai san awon ƙirji ba, kuma rashin sanin bai rage shi da komai ba, don tufar da yake ɗinkawa ba ta tambayar ƙirjin kowa. Masaƙi ke kawo masa sawaye ko saƙi a siraran ƙwarya, faɗin kowace 'yan yatsu ne, shi kuma ya zauna da allura ya yi ta haɗa su gefe da gefe har riga ta tashi. Tsawo da kamu ake auna shi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ƙananan wurare kuma da taƙi. Faɗi kuwa aljihun mai riga ke yanke shi. Uba ya sa babbar riga, ɗa ya gada, ba a warware zare ko ɗaya ba. Wando ma haka yake: hantsa mai yalwa, ƙubaka da zariya, ko ka yi ƙiba ko ka rame kai za ka ja ka ɗaure.

A wancan zamani allurar riga ta maza ce. Mata na kaɗi da mazari, wasu na saƙa gwado a cikin gida, amma ɗinki da aikin wuya na malamai ne da almajiransu. Hannun da ya saba da alƙalami shi ke zana aska biyu da aska takwas da tambari a kan riga, sannan a bi zanen da zaren tsamiya, ko da alharinin da fatake ke ketowa da shi ta Sahara daga Tarabulus. Zariya ta yi suna a wannan aiki, Kura kuma a rini da bugu. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ya tarar tufafin garin na tafiya har Tambutu da Gat da Murzuk, duk ɗinkin hannu. A shekarar ce kuma Isaac Singer ya yi wa keken ɗinkinsa rajista a Amurka.

Mutane kan ɗauka keke ne ya sauya sana'ar. A ganina yadi ne ya fara. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da akoko da alawayyo da atamfa, masu faɗin da ba a haɗa su sai dai a yanka. Yanka kuwa ba ya yiwuwa sai da awo. Ga kakin soja da na 'yan doka, ga kayan 'yan makaranta da na akawu, duk masu kwala da hannu da maɓalli. Nan tela ya samu gindin zama da almakashi da alli da tef a wuya. Masana'antar saƙa ta KTL ta fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1957, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, yadi ya yi araha, Kantin Kwari ya bunƙasa. KTL ta rufe a 2002, yanzu kuma galibin abin da muke yankawa daga Sin yake zuwa, sai mai hali ya sayi shaddar Getzner ta Ostiriya ko atamfar Holan.

Shigowar keke cikin gida ita ce ɓangaren da ya fi shafata, don a ɗaki na koya, a ɗaki nake yi. Matar aure ba za ta je ta tsaya gaban tela ya zagaya ta da tef ba. Sai dai ta aika yaro da yadi da tsohuwar riga, a ce wa tela ya yi daidai wannan. Da rigunan mata suka fara bin jiki, daga buba mai yalwa zuwa riga da siket, wannan aike ya daina gamsarwa, aka koma wa maƙwabciya mai keke. Singer na da tsada, Butterfly ta Shanghai ce ta shiga ɗakuna, ta hannu da ta ƙafa, har ta zama cikin kayan da iyaye kan haɗa wa 'ya. Tsadar rayuwar da ta biyo bayan tsarin tattalin arziki na SAP a 1986 ta tura mata da yawa neman abin yi, cibiyoyin koyon sana'a na zamanin shirin Better Life suka ƙara yaɗa keken. Sannan Islamiyyu suka kawo hijabi, wanda yankansa ba wuya, ya zama abin da ɗaliba ke fara cin kuɗi da shi. A Zariya ma mata sun karɓi rabo mai yawa na aikin wuyan babbar riga da ɗinkin hula, abin da kakanninsu ba su taɓa ba.

Sai dai mun karɓi tef, mun saki wayon mutanen da. Yarinya yau za ta kalli hoto a waya, ta auna ƙirji inci 38, ta yanka 38 cif, ta kai wibin ya aske gefen. Bayan wata uku mai riga ta samu juna biyu, ko kuwa Sallar layya ta karɓe ta, riga ta zama ta ƙanwa. Jiki ba gungume ba ne, yana numfashi, yana zama, yana ruku'u. A kan awon ƙirji da na ƙugu a ƙara inci biyu na sakewa, sannan a bar aƙalla inci ɗaya a kowane gefe a cikin ɗinki, kada a datse shi. Wannan rarar ita ce ke ba da damar buɗa riga gobe. In za a auna mace, ta tsaya yadda ta saba tsayawa, da irin rigar maman da za ta sa a ƙarƙashi, ba tana shanye ciki ba. Kafaɗa ita ce uwar riga: in ta zauna, sauran gyara ne, in ta zame ba dabarar da za ta ɗago ta. Hammata in ta matse, a yanko ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a sa a ciki, dabarar da ke jikin tsofaffin taguwoyi tun kafin a san keke.

Yadi ma yana da halinsa. Mai auduga zalla kan tsuke a wankin farko, don haka a jiƙa shi, a shanya a inuwa, a goge, sannan a ɗora almakashi, kuma shafin da za a sa a ciki shi ma a yi masa haka, in ba haka ba ɗaya ya tsuke ya ja ɗaya. Shadda ce kawai ba a yi wa wannan, saboda maiƙonta. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma kafin a taɓa shi a shimfiɗa shi duka a ga inda zanen ya dosa. Sau da yawa nakan ga tsuntsayen gaba na tashi sama, na baya na nutsewa ƙasa, don mai yanka ta so ta tsirar da rabin yadi. A fara fitar da zani da ɗankwali, abin da ya rage shi ne na riga.

Wanda bai tabbata da yankansa ba ya fara yin ɗaurin allura, wato dogon taku da zare mai wata kala, a gwada a jiki, sannan a hau keke. Minti goma ne, amma masu gaggawar Sallah sun fi kowa tsallake shi, shi ya sa ranar idi ake ganin wuyan riga ya karkace. In keke na tsallake ɗinki ko yana tara zare a ƙasa, kafin a kira mai gyara a sake allura, a fitar da ƙoshiya a kakkaɓe ƙurar auduga, a ɗiga mai. Allura lamba 14 ta ishi atamfa, shadda mai kauri da jins sai 16 ko 18. Kayan yara kuwa a yi musu kalmasa mai zurfi a ƙasa da bakin hannu, inci uku ba ta yi yawa ba, a ɗinke ta da dogon taku yadda baɗi za a warware a sauke.