Shekarar Toka a Madina: Haƙƙin Maƙwabtaka a Lokacin Yunwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 639 Miladiyya, a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, fari mai tsanani ya auka wa ƙasar Hijaz har kimanin wata tara. Ƙasa ta yi baƙi, iska tana kwaso ƙura mai kama da toka, dabbobi suka rame har mutum ya yanka tunkiya ya ƙyamaci namanta. Saboda haka Larabawa suka kira ta Amur Ramada, wato Shekarar Toka, kamar yadda kowace al'umma takan yi wa shekarun yunwarta laƙabi don kada a manta da su.

Abin da aka fi ji a majalisun wa'azi game da wannan shekara shi ne zuhudun Umar: yadda ya rantse ba zai ɗanɗana man shanu ko nama ba sai mutane sun sami sauƙi, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Wannan yana cikin littattafan tarihi, kuma ya cancanci a riƙa faɗarsa. Sai dai yawan tsayawa a kan halin shugaba ya sa an rage duba ga wata tambaya da ta fi shafar sauran jama'a: me birnin Madina ya yi da dubban mayunwatan da suka kwararo masa, kuma wane nauyi aka ga ya hau kan gidajen da ke da abin ci?

Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230, ya kawo bayanin wannan dalla-dalla a cikin Aɗ-Ɗabaƙat. Mutanen ƙauye, da dukiyarsu ta halaka, suka taso daga kowace fuska suka yi sansani a gefen gari, daga Ratij zuwa unguwar Banu Harisa da Banu Abdil Ashhal, zuwa Baƙi'a da tsohon mazaunin Banu Ƙuraiza, wasu kuma ta wajen Banu Salima, har suka kewaye Madina. Umar ya raba sassan garin ga mutane huɗu: Yazidu ɗan 'yar'uwar Namir, da Miswaru ɗan Makhrama, da Abdurrahman ɗan Abdul Ƙari, da Abdullahi ɗan Utba ɗan Mas'ud. Kowane yana kula da ɓangarensa, da yamma su taru wurin Halifa su ba shi labarin abin da suka gani. Tun da asuba ma'aikata ke ɗora manyan tukwane. Mai ƙarfin tafiya ya zo ya ci, marasa lafiya da mata da yara kuma a kai musu har inda suke. Abu Huraira ya ce ya ga Umar ɗauke da jakunkuna biyu a bayansa da tandun mai a hannunsa, suna karɓa-karɓa da bawansa Aslam, har suka isa wurin wasu gidaje kimanin ashirin na ƙabilar Muharib. Akwai ma riwayar da ta nuna shi yana koya wa mata tuƙa abinci: kada a zuba gari sai ruwa ya yi zafi, sannan a riƙa barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya don ya yi auki. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo a shekarar tsada ta san wannan dabara.

An ƙirga waɗanda suka ci a shimfiɗar Umar a wani dare aka sami 7,000, waɗanda ake kai wa kuma 40,000. Bayan 'yan kwanaki adadin ya kai 10,000 da 50,000. Wajibi ne ɗalibi ya san cewa waɗannan alƙaluma sun zo ne ta hanyar Waƙidi, wanda malaman hadisi suka raunana, ko da yake masu tarihi ba su wadatu da barinsa ba. Ko an rage adadin, abin da ya rage ya isa ya nuna cewa baƙin sun fi ƙarfin abin da gari irin Madina ya saba ciyarwa.

Umar ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji. Ɗabari ya ce Abu Ubaida ɗan Jarrah ne ya fara isowa daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Labarin jiragen ruwan da Amru ɗan Asi ya aiko daga Masar ya shahara, amma Ibn Kasir ya yi nuni da matsalar da ke cikinsa, domin a shekara ta 18 ba a riga an ci Masar ba.

Nan ne muka zo kan riwayar da, a ganina, ta fi dukkan sauran nauyi. Imam Buhari ya kawo ta a Al-Adabul Mufrad daga Abdullahi ɗan Umar. Ma'anarta ita ce: bayan an sami ruwa, Umar ya rantse cewa da Allah bai yaye wannan tsanani ba, da bai bar wani gidan Musulmi mai yalwa ba face ya shigar musu da matalauta gwargwadon adadinsu, domin mutum biyu ba za su halaka a kan abincin da ke riƙe mutum ɗaya ba. A lura da abin da wannan magana ta ƙunsa. Gida mai mutum biyar zai wayi gari da mutum goma, kuma Halifa ne zai shigar da su, ba tare da jiran mai gida ya ga dama ba. Taskar da Umar ya tanada don ranar da baitulmali zai ƙare ita ce tukunyar kowane gida. A lura kuma da tsarin da ya bi: ya fara da dukiyar hukuma, ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa, ya nemi agajin larduna, sannan ya ajiye tilasta wa gidaje a matsayin mataki na ƙarshe. Shugaban da ya tsallake matakan farko ya fara da na ƙarshe ba shi da hujja a aikin Umar.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga mutanen Madina, domin a kansa aka gina zaman garin tun farko. Shekara goma sha bakwai kafin nan Ansar sun karɓi Muhajirai a gidajensu, suka ba su aron itatuwan dabino, waɗanda ba a mayar ba sai bayan cin Haibara a shekara ta 7. Game da mutanen Suffa, matalautan da ke kwana a masallaci, Buhari ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, mai na huɗu ya tafi da na biyar ko na shida. Abubakar ya tafi da uku, Annabi ya tafi da goma. Ga asalin shirin Umar nan ƙarara. Nana A'isha ta ba da labarin cewa akan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, ana rayuwa a kan dabino da ruwa, sai abin da maƙwabta Ansar suke aikowa na nonon dabbobinsu. A wata shekara kuma, da matalautan ƙauye suka shigo gari a lokacin layya, an hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, aka ɗage hanin da dalilinsa ya gushe. Haka nan Annabi ya yaba wa Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, domin idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya.

Malaman fiƙihu sun ɗauki wannan da muhimmanci. Ibn Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456, ya tafi a Al-Muhalla a kan cewa farilla ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu ta fuskar ci da sutura da muhalli idan zakka ba ta isa ba, kuma shugaba ya tilasta su. A ɓangaren Malikiyya, Ƙurɗubi ya faɗa a tafsirin aya ta 177 ta Suratul Baƙara cewa malamai sun haɗu a kan wajabcin ba da dukiya idan wata buƙata ta sauko wa Musulmi bayan an fitar da zakka. Mai ƙin yarda zai iya cewa Umar bai aiwatar da shirin nasa ba, niyya kawai ya bayyana. Gaskiya ne. Amma niyya ce da ya ƙarfafa da rantsuwa, ga kuma aikin Annabi da mutanen Suffa yana mara mata baya, don haka da wuya a mayar da ita maganar tausayi kurum.

Bai kamata a kuma ɓoye iyakar abin da aka iya ba. Aslam, a riwayar Ibn Sa'ad, ya kimanta cewa kashi biyu cikin uku na mutanen ƙauyen da suka zo sun mutu, kuma man zaitun da ba su saba da shi ba yana sa musu zazzaɓi. A cikin shekarar ce kuma annobar Amwas ta ɓarke a Sham, ta tafi da Abu Ubaida, mutumin da ya fara kawo agaji. Umar ya fita roƙon ruwa da jama'a, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi, ya yi addu'a, Allah Ya saukar da ruwa. Mutanen nan da aka ɗora wa kula da sassan gari su aka sa suka sallami waɗanda suka rayu zuwa ƙauyukansu, da guzuri da abin hawa. Zakkar dabbobin da Umar ya jinkirta karɓa a shekarar, ya aika aka karɓo ta tare da ta shekara mai zuwa, ya umarci ma'aikatansa su raba ta shekara ɗaya a wurin da suka karɓa, su kawo masa ta ɗayar Madina.