Wa Ke Yanka Farashin Hatsi? Tarihin Ciniki Tsakanin Manomi da Mai Saye a Ƙasar Batsari da Safana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade musu farashi, sai ya ƙi, ya jingina hawa da saukar farashi ga Allah, yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Wasu sukan kafa hujja da wannan hadisi a kan cewa duk abin da aka yi wa manomi tayi a kasuwa ƙaddara ce kawai. Wannan maƙala za ta bi tarihin cinikin hatsi a yammacin Katsina, ƙasar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, domin rarrabe abin da damina da yawan kaya suke yankewa da abin da hannun ɗan Adam yake yankewa.

Zamanin Daular Usmaniyya

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina a 1807, Muhammadu Bello ya rubuta masa littafin Usulus Siyasa. Daga cikin abubuwan da ya ɗora wa shugaba akwai ƙarfafa manoma da masu sana'a, da kwaɗaitar da jama'a ga tanadin abinci, da kula da kasuwanni da hanyoyi. Tun kafin wannan, Shaihu Magili ya tsananta magana a kan tauye mudu da algus a cikin amsoshin da ya bai wa Askiya Muhammadu na Songhai. Ashe tun da wuri malaman wannan nahiya sun ɗauki kasuwa a matsayin amanar hukuma. Baturen nan Kilafaton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ba da labarin cewa Sarkin Kasuwa yana da hannu wajen tsayar da farashin kaya, yana kuma karɓar ɗan kamasho a wuri.

Sai dai ƙasar Ruma bakin daga ce a wancan ƙarni. Hare-haren Katsinawan da suka koma Maraɗi sun sa jama'a sun tattaru a garuruwa masu ganuwa, dajin Rugu kuma ya bunƙasa. A irin wannan hali rumbu ya fi wuri daraja. Gero da dawa na ci ne da zakka da taimakon dangi, rarar ce kaɗai take zuwa kasuwa. Alkama kuwa 'yar fadama ce, ana ba ta ruwa da jigo lokacin sanyi, ana yin alkaki da taliya da finkaso da ita a gidajen sarauta da na attajirai, don haka masu sayenta kaɗan ne.

Haraji da gyaɗa

Zuwan Turawa a 1903 ya kawo ƙarshen yaƙe-yaƙen iyaka, mutane suka fantsama suka sari sababbin gonaki. Amma ya zo da wani sabon abu: haraji da kuɗin Bature, wanda ake karɓa da kaka. Magidanci ya zama dole ya sayar a daidai lokacin da kowa yake sayarwa. Nan ne tushen abin da har yau ake kuka da shi, wato mutum ya sayar da hatsinsa da arha a watan girbi, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, layin dogo kuma ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan farashin gyaɗa ya koma abin da ake yankowa daga Ingila, kamfani ya cire kuɗin jirgin ruwa da na ƙasa, babban wakili irin su Alhassan Ɗantata ya cire nasa, ɗan baranda ya cire nasa, abin da ya saura shi ne na manomi. Gwargwadon nisan ƙauye da tashar jirgi, gwargwadon ƙarancin rabonsa, kuma Batsari da Safana suna cikin na nesa. Yunwar Kakalaba ta 1914 da ta 'Yan Buhu ta 1927 sun nuna haɗarin da ke tattare da rumbun da aka kwashe don biyan haraji, kamar yadda Michael Watts ya bayyana a bincikensa na ƙasar Katsina wanda aka buga a 1983.

Hukumomin ciniki

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma ta koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ce take shelar farashi a farkon kaka, wakilai masu lasisi suna saye a kansa. Wannan shi ne ƙayyade farashi na zahiri, kuma masu nazari sun nuna cewa a shekaru da dama an ajiye shi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta shiga baitulmalin gwamnati. Gero da dawa kuwa sun ci gaba da zama a hannun 'yan kwarami da dillalai da ma'auna. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967, ta nuna cewa matalaucin manomi shi ne yake riga kowa sayarwa, shi ne kuma yake cin bashin falle, ya karɓi dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka.

Hukumar hatsi ta ƙasa da aka kafa a 1977 ba ta iya karɓe wannan ciniki ba, aka rushe ta tare da sauran hukumomin a 1986. A Janairun 1987, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, farashinta ya ɗaga, manoman rani suka rungume ta. Da aka janye hanin a farkon shekarun 1990 sai ta koma gidan jiya. Darasin shi ne farashin alkamar gida yana rataye da na wadda ake saukewa a tashar jiragen ruwan Legas, domin manyan masu saye su ne kamfanonin fulawa.

Yadda ake lissafin a yau

Mai saye da ya zo kasuwar Batsari ranar Alhamis yana zuwa ne da farashin wata kasuwa a kansa, ko Dawanau ta Kano, ko Jibiya, ko Maraɗi. Daga wannan farashi yake cire kuɗin mota da na dako, da kuɗin buhu da ɗinki, da la'adar dillali, da abin da ake karɓa a shingayen hanya, da hasarar ƙwari da danshi, sannan ribarsa. Ragowar ita ce tayin da yake yi a kan tiya, wadda arba'in ɗinta suke cika buhu. Manyan masu saye ne suke buɗe farashi da hantsi, ƙanana su bi sawunsu.

Wannan lissafi a kan kansa babu laifi a cikinsa. Ɓarna tana shigowa ta ƙofofi sanannu: kwanon saye ya fi na sayarwa zurfi, ko a tari manomi a hanya kafin ya ji yadda kasuwa ta tashi, ko masu saye su haɗa baki, ko bashi ya ɗaure mai kaya ga mutum ɗaya. A 'yan shekarun nan ta'addancin 'yan bindiga daga dajin Rugu ya ƙara wata ƙofar: mai tsoron a ƙone masa rumbu, ko mai neman kuɗin fansa, ba ya iya jiran bazara. Rufe iyaka a Agustan 2019 ya rage masu saye daga Nijar, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya sa mai tsabar kuɗi a hannu ya sayi kaya ƙasa da ƙimarsu.

Ma'aunin shari'a

Kowace daga cikin waɗannan ƙofofi shari'a ta riga ta ambace ta. Suratul Muɗaffifina ta yi narko a kan tauye awo. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin tarar ayari kafin ya shiga kasuwa, Muslim kuma ya ruwaito zargin mai ɓoye abinci don ya yi tsada. Falle na dami ɗaya a biya biyu riba ce tsantsa, alhali ga cinikin salam an halatta shi: a biya kuɗi nan take, a ambaci nau'in hatsi da awonsa da lokacin karɓa, Malikiyya kuma sun yarda a sanya girbi ya zama wa'adi.

Game da ƙayyade farashi, Albaji ya kawo a cikin Muntaƙa daga Ibnu Habib cewa shugaba yakan tara manyan 'yan kasuwa tare da wasu amintattu, ya binciki yadda suke saye da sayarwa, a daidaita a kan abin da zai bar musu riba bai cuci jama'a ba. Shi kuwa wanda ya kawo kayansa daga ƙauye ba a tilasta masa farashi. Ibnu Taimiyya ma ya raba ƙayyadewa gida biyu, ta zalunci da ta adalci. Hukumar ciniki ta zamanin Turawa ta juya wannan ƙa'ida ne, ta ɗaure manomi ta saki kanta.

Kammalawa

Tarihin Batsari da Safana ya nuna cewa hadisin Anas yana kare farashin da ya tashi ko ya faɗi saboda ƙaranci ko yalwa, bai ba da mafaka ga wanda aka matse ta hanyar haraji ko bashi ko tsoro ko gurɓataccen kwano ba. Aikin da ke gaban malamai da hukumomin Hisba da na zakka da waƙafi a bayyane yake: daidaita tiya guda ga saye da sayarwa, karantar da babin salam a masallatan kasuwa, samar da rance mai kyau da rumbunan waƙafi don kada buƙatar kaka ta karya manomi, da tunatar da shugabanni wasiyyar Muhammadu Bello cewa tsaron hanya da kasuwa yana wuyansu. Allah ne mafi sani.