Rawani da Babbar Riga a Ƙasar Tambuwal da Kebbe: Waiwaye Kan Tarihin Suturar Maza



Musabbabin wannan rubutu wata tambaya ce da wani ɗalibina ɗan Kebbe ya yi mini bayan darasin Risala, a babin da Ibn Abi Zaid ya yi magana kan fiɗira da tufafi da rufe al'aura. Ya ce a garinsu samari da dama sun koma kallon babbar riga da rawani a matsayin kayan fada da gargajiya, suna ganin jallabiya da hirami su ne suturar Sunna. Shi kuwa mahaifinsa limamin unguwa ne, ko kasuwa ba ya shiga sai ya naɗa rawani. Wane ne ke kan daidai? Na ba shi amsar fiƙihu a taƙaice, cewa sutura tana cikin babin al'adu, asalinta halacci ne matuƙar ba ta keta iyakar shari'a ba. Na lura amsar ba ta ratsa shi ba, domin abin da ya ɓace masa shi ne labarin yadda rawanin ya hau kan kakanninsa, da abin da suka biya kafin ya zauna.

Dokar da aka yi wa rawani

Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami domin sallar layya, ya raba musu kyaututtuka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiyar ba, sai ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta duk wanda ya naɗa rawani, a saki waɗanda ke tsare, a sassauta wa talakawa haraji. A dubi inda rawani ya faɗo a jerin nan. Mutumin da ya ƙi karɓar dukiyar sarki ba zai ɓata buƙata guda cikin biyar a kan ado ba. A lokacin rawani shi ne alamar da ake gane ɗan Jama'a da ita, don haka neman a mutunta mai rawani neman kariya ne ga duk wanda ya bi da'awar, malami ne ko manomi.

Sarakunan Gobir ma haka suka fahimci al'amarin. Da Nafata ya hau gado a ƙarshen ƙarni na 18, sai ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu ba wanda zai ƙara yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga mahaifinsa ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Dalilin sarki a fili yake. Abin da ke cikin zuciya ba ya ƙirguwa, amma a ranar kasuwa kowane bafade yana iya ƙirga kawunan da ke ɗauke da rawani, ya koma ya gaya wa ubangidansa yawan waɗanda suka fita daga hannunsa.

Wannan matsi ne ya sa Malam Abdussalami ya bar yankin Degel da mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A watan Ramadan na shekarar 1218 ta hijira, wato ƙarshen 1803, rundunar Yunfa ta auka wa Gimbana, aka kashe waɗanda aka kashe, aka ɗaure saura aka biyo da su ta kusa da Degel, Jama'a suka kwance su. Bayan 'yan watanni, a Fabrairun 1804, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Da al'amura suka lafa, Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya tashi a hannun baffansa Abdullahi, ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, wani Buharin kuma, ɗan Abdussalami, ya kafa Jega wajen 1820. Ɗalibai kan rikita Buharin nan biyu, ya kamata a kiyaye. Kebbe tana maƙwabtaka da Tambuwal da ƙasar Gummi, kuma hanyoyin fataucinta suna gangarawa kasuwar Jega, saboda haka abin da ya sauya suturar waɗannan garuruwa ya sauya tata.

Yadda riga ta zama sana'ar ƙasa

Shari'a ta wajabta rufe al'aura, salla tana buƙatar tufa mai tsarki, mamaci yana buƙatar likkafani. Da daula ta ɗauki waɗannan hukunce-hukunce da gaske, sai buƙatar zane ta ninku, mutanen da a da walki ko bante ya ishe su suka shiga neman taguwa da wando. Noman auduga da baba ya bunƙasa. Mata a cikin gidaje suna gurza suna kaɗi, masaƙa suna fitar da siraran ƙore, marina suna turawa, mabuga suna fito da ƙyallinsa, sannan maɗinka su harhaɗa. Aikin allura na gaban riga kuwa, da yawa daga masu yin sa malamai ne da almajirai, domin sana'a ce da mutum ke iya yi yana zaune a zaure yana sauraron karatu, kuma hannun da ya saba zayyanar allo ba ya shan wahalar zana aska biyu ko aska takwas, ko tambarin da ke bayan riga. Adalcin tarihi ya sa a faɗi cewa wani kaso na wannan aiki ya tsaya ne a kan wuyan bayi, cikinsu har da gwanayen masaƙa da aka kamo daga ƙasar Nufe da ta Yarabawa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba. Jega ce babbar kasuwar yammacin daula, inda kayan Kano da na Nufe ke haɗuwa da goron Gwanja. Riga ta zama kuɗi, ta zama gaisuwa: sarakunan yanka suna aiko da riguna Sakkwato da Gwandu cikin kayan gaisuwarsu, Sarkin Musulmi kuma yana tabbatar da muƙami da riga da alkyabba da rawani. Daga nan kalmar naɗi ta ɗauki ma'anar ba da sarauta. Kowace riga da sunanta da matsayinta, akwai saƙi mai zanen zabo, akwai ƙore baƙa wul mai sheƙi, akwai tsamiya, akwai barage mai ratsin alharini, akwai giwa. Rawani ma haka, farin harsa daban, ɗan Kura mai ƙyallin shuni daban.

Saɓanin 'yan'uwa biyu

A nan mas'alar ta fara nauyi. A cikin Ihya'us Sunna Shehu ya ware babi kan tufafi, ya dogara ƙwarai da Madkhal na Ibnul Hajj, malamin da ya rasu a Masar a 737 ta hijira, wanda ya tsananta suka ga malaman zamaninsa saboda faɗin hannuwan rigunansu da girman rawunansu. A Kitabul Farƙ kuma ya lissafa sanya duk tufar da rai ya so, halas ko haram, cikin halayen mulkin da ya yi wa tawaye. To ga shi an ci nasara, ganima ta shigo, cikinta da alharini da zinariya, waɗanda hadisi ingantacce ya haramta wa mazan wannan al'umma.

Shehu Abdullahi bai iya jure abin da ya gani ba. Wajen 1807 ya rabu da runduna ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar, ya tsaya Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam kafin ya komo. A cikin Tazyinul Waraƙat ya bayyana abin da ya kore shi, wato mutanen da himmarsu ta koma tara ƙwaraƙwarai da riguna masu tsada da dawakin sukuwa a cikin gari. Shi kuwa Shehu Usmanu, a littattafansa na bayan nasara irin su Misbahu li Ahli Hazaz Zaman da Najmul Ikhwan, ya karkata ga sauƙaƙawa, yana ganin shugaba yana iya sanya tufafin kwarjini idan mutanen zamaninsa ba sa girmama hukuma sai da hakan. Wannan fahimta ce ta Imam Ƙarafi, wanda ya kafa hujja da zuwan Sayyidina Umar ƙasar Sham, inda ya tarar da Mu'awiya cikin tufafi da ababen hawa na alfarma, da ya ji uzurinsa na zama kusa da abokan gaba sai ya bar shi, bai umurce shi ba, bai kuma hana shi ba. Abdullahi ya mayar da martani a Diya'us Sulɗan cikin ladabin ƙane ga wa, amma bai janye ba, musamman a kan zinariya. Ƙissar Suraƙa bin Malik, wanda Umar ya sanya wa mundayen Kisra, a wurinsa cikar bushara ce ta Annabi ga mutum guda, ba ƙofa ce da za a buɗe wa kowa ba.

Ni dai ina ganin hujjar Abdullahi ta fi ƙarfi a kan zinariya da tsantsar alharini, domin nassi ne, maslaha ba ta ture shi. A kan kyakkyawar riga ta auduga kuwa maganar Shehu ce ta dace da mazhaba, tunda Imamu Malik kansa an san shi da sanya tufafi masu kyau, kuma Alƙali Iyad ya kawo cewa mahaifiyarsa ce ta naɗa masa rawani tun yana yaro kafin ta tura shi wurin Rabi'a. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu maɗinkanmu suka yi ta kai da kawo. Hadisin Umar da ke cikin Muslim ya yi rangwamen alharini gwargwadon yatsu biyu zuwa huɗu, Risala kuma ta ambaci saɓani kan tufar da aka cakuɗa alharini da waninsa. Duk wanda ya ɗaga gefen tsohuwar riga ya ga shafin jan alharini a ɓoye ta ciki, yana kallon sawun wannan muhawara ne, ko da mai rigar bai taɓa jin ta ba. Sai dai kada mu yaudari kanmu, barage da yawa sun wuce yatsu huɗu nesa ba kusa ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna inda ya tsaya da jikinsa. Baturen Ingila Clapperton, da ya gana da shi a Sakkwato a 1824, ya same shi cikin rigar auduga mai launin shuɗi-shuɗi da farin rawani, ya ja amawali ya rufe hanci da baki. Zagayo da rawani ta ƙarƙashin haɓa shi ne abin da malaman Malikiyya suka so, har suka karhanta barinsa. Ke nan salon naɗin da ɗalibina ke gani a kan mahaifinsa ya fi kusa da littattafan mazhaba fiye da yadda abokansa ke zato.

Takalmi da agogo

Takalmi bai jawo gardama ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare hamada tun da daɗewa, har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko, dukawa kuma suna ɗinka fade da sambatsai da huffin da fiƙihu ya yi wa babin shafa. Agogo baƙo ne, sunansa ma daga Yarabanci muka aro shi, inda asalinsa ƙararrawa ce. Kafinsa ladan da inuwa yake auna azahar da la'asar, da taurari yake gane kusantowar asuba. Agogon aljihu ya shigo da ma'aikatan En'e, na hannu ya yawaita da alhazan shekarun 1970, masu dawowa da Seiko da Rado. Da shi tsohuwar mas'alar Abdullahi ta dawo a sabuwar kama, domin abubuwan da Khalil ya togace wa namiji a babin zinariya da azurfa ƙididdigaggu ne: Mus'hafi, takobi, hanci, ɗaurin haƙori, sai zoben azurfa. Agogon zinariya ba ya cikinsu.

Bayan faɗuwar Sakkwato a 15 ga Maris 1903, Turawa suka riƙe naɗi a matsayin hanyar tabbatar da sarakuna da hakimai, suka ƙara masa sanda. Sannu a hankali rawani ya tattare ya koma fada da limanci, talakan da kakansa ya sha duka saboda shi ya koma hula. Akoko da shadda suka kashe kasuwar saƙi, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, daga baya ita ma ta durƙushe a gaban kayan waje. Malam Aminu Kano ya mai da farar riga marar ado da jar dara tutar talakawa, Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsa ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya bar wa wata hula sunansa tun mulkinsa na 1979 zuwa 1983. Jallabiya ita ce ta baya-bayan nan, ta biyo alhazai da ɗaliban da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa, ni ma da ita na dawo. Halas ce, tana da sauƙin kuɗi da sauƙin wanki, amma suturar mutanen wata ƙasa ce a wannan zamani, kuma babu nassin da ya fifita ɗinkinta a kan taguwa. Abin da nassi ya hana shi ne jan tufa don girman kai, da tufar neman suna, da almubazzaranci, kuma shaddar Getzner da magidanci ya ci bashi ya ɗinka don sallar idi ta fi kusa da wannan hani fiye da tsohon harsan liman.

Na ba ɗalibin nan shawara ya nemi mahaifinsa ya koya masa naɗin a lokacin hutu. Da aka dawo ya ce mini sun gwada sau biyu, rawanin yana warwarewa kafin ya kai ƙofar masallaci, kuma a unguwarsu mutum uku suka rage da ke naɗa shi kullum, mahaifinsa ne ƙaraminsu.