Maganin Zogi Na Cikin Jiki

Tun kafin a gina Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata, mutanen Kano sun san zogi, sun kuma san masu yi masa aiki. Wanzami shi ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori shi ke ɗorin karaya, ungozoma tana wajen mai naƙuda. Ba wanda ke da allurar kashe zafi a cikinsu. Abin da ke hannunsu sai tofi, da sassaƙe da saiwoyi na Kasuwar Kurmi, da lallashi. Maɗori ya kan kama ƙafar da ta karye ya ja, yana yi wa mai ita hira, yana ce masa saura kaɗan. Mai haihuwar fari kuwa sai ta cije, don kada a ji kukanta a yi mata gori. Aka ce jarunta ce da kunya. Hakanan ne, amma akwai abin da ke taimakon jarumin daga cikin jikinsa.

Asalin gano shi daga wani fure ne na ƙasashen Gabas, wanda ake tatsar ƙaronsa a yi ofiyam. Wajen 1805 wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga cikinsa. Likitoci suka yi shekaru masu yawa suna ba da shi, ba su san ta inda yake bi ba. Sai a 1973 wata ɗaliba, Candace Pert, da malaminta Solomon Snyder, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka nuna cewa akwai wasu gurabu a ƙwaƙwalwa inda mofin ke shiga daidai, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Masana suka ce, ina dalilin kwaɗo a kan mutum, mabuɗinsa kuwa yana cikin furen wata ƙasa? Lalle jiki yana da nasa.

A garin Aberdeen na Sikotland aka fara samunsa. Hans Kosterlitz, dattijo wanda ya haura shekara 70, da abokin aikinsa John Hughes, suka duƙufa. Hughes ya kan yi sammako zuwa mahauta ya kwaso ƙwaƙwalwar aladu, ya niƙe, ya tace. A watan Disamba na 1975 suka bayyana sinadarai biyu da suka samu, suka kira su enkefalin. A 1976 kuma wani Basine a Kalifoniya, Choh Hao Li, ya fitar da wani daga ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi, watau irin dabbar nan da ta daɗe tana sauke wa Kano gishiri daga arewa. Sunan da ya game su duka shi ne endofin, ma'anarsa mofin na cikin jiki.

A 1978 aka yi wani gwaji a San Francisco kan mutanen da aka cire wa turamen haƙori. Aka yi musu allura wadda ba magani a ciki, su kuwa suna zaton akwai. Wasunsu suka ji sauƙi. Da aka ba waɗannan wani magani mai toshe kwaɗon nan, sai zogi ya komo. Ashe sa rai da natsuwa su kan sa jiki ya saki nasa maganin. Hirar maɗori ba banza ba ce ke nan. Sai dai endofin ba ya haɗa ƙashi, ba ya kashe cuta, jiki kuma ba ya barinsa ya daɗe.

Kodin da tiramadol ta wannan kwaɗo suke shiga. In mutum ya lazimce su sai kwaɗon ya dakushe, abin da ya isa jiya ba ya isa yau. Ranar da ya rasa kuwa, ga ciwon gaɓoɓi, ga gumi, ga rashin barci. Haka maganin tari mai kodin ya yi wa samari da matan aure da yawa a Kano, har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Shi kodin ɗin ma daga furen nan yake, in ya shiga ciki hanta ce ke juya wani sashe nasa ya zama mofin ɗin da Sertürner ya tace.